Naɗin Hannun Verla

A masana'antar soya dankali ta garinmu, nan kudancin Idaho, babu wanda bai san Verla Thueson ba. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, furfurarta a tufke ƙarƙashin hular kwano, kullum tana tura 'yar kurar kayan aikinta mai taya ɗaya da ke kuka. An sha ce mata ta ɗiga wa tayar mai. Ta ce a bar ta haka, masu gyangyaɗi a bakin aiki su ji tahowarta su gyara zama. Ma'aikaciyar wuta ce, shekara talatin da 'yan kai, kuma cikin ayyukan wuta duka, wanda ta fi ƙauna shi ne wanda kowa ke zillewa: haɗa wayoyi a cikin akwatin moto.

Ba da wuta ta fara ba. Tana gama sakandare ta shiga layin fira, inda mata ke jeruwa gefen bel da 'yan wuƙaƙe suna cire baƙin tabo daga jikin dankali. A nan uwarta ta tsufa, yayarta ma haka. Verla ta daɗe tsaye a wurin, har ta kai in ta rufe ido a coci dankali take gani yana wucewa. Wata rana moton da ke jan bel ɗin ya ƙone, aka ce mata su je su huta, ita kuwa ta tsaya a kan wani tsoho mai suna Orval da ya durƙusa yana haɗa sabo. Bai kore ta ba, bai kuma kula ta ba. Can ya ce tunda kallo ta zo, ta riƙe masa sifana. Kafin shekara ta zagayo sunanta ya fita cikin masu koyon aikin wuta, mace ɗaya tsakanin maza. Mutanen gari suka yi ta surutu har suka gaji suka koma kan wani.

Kowane moto, ƙarami ne ko wanda sai da ƙugiya ake ɗaga shi, yana da akwatin ƙarfe manne a gefensa. A nan wayoyin da suka fito daga cikin moton suke haɗuwa da manyan wayoyi uku masu kawo wuta. Verla takan ce wanda ya ƙera akwatin nan bai taɓa cusa hannu a cikinsa ba, don kullum a matse yake, kullum yana fuskantar bango ko yana ƙarƙashin bututu mai yoyo. A bakin kowace waya ana matse kunnen jan ƙarfe mai huda, a haɗa kunne da kunne, a zura noti a ɗaure tamau. Daga nan sai naɗi, kuma a naɗi ake sanin ma'aikaci.

Yadda Orval ya koya mata, zagayen farko na salatif a juye ake yinsa, danƙon yana kallon waje. Wannan don wanda zai zo kwancewa bayan shekaru ne: yana tsagawa da wuƙa naɗin ya sulluɓe, ya bar masa noti fes. A kai sai a bi da na roba mai kauri. Shi ba danƙo ke riƙe shi ba, ja ne. Ana miƙar da shi har faɗinsa ya kusa komawa rabi, kowane zagaye ya hau rabin na baya. In ya ji ja yadda ya kamata, zagayen sukan haɗe su zama dunƙule ɗaya, ko ruwa ko tururi ba ya samun hanya. In bai ji ba, ido ba zai gane ba, don baƙin salatif na sama yana rufa wa kowa asiri. Sai dai a wurin da ake wanke ko'ina da tiyo kowace rana, ruwa kan shiga ya duba da kansa.

Kowa kuma da hannunsa. Naɗin Verla sumul yake fitowa kamar ƙwan agwagwa, ƙarshen salatif yanke da almakashi, bakinsa a lanƙwashe don mai kwancewa ya sami abin kamawa. Na Deloy Bingham, abokin aikinta na shekara ashirin, in ka gan shi sai ka ce dankalin da matan layi suka tsince suka jefar, ƙarshen a fizge da hannu. Gaskiya dai nasa bai taɓa ƙonewa ba, amma Verla ba ta taɓa barinsa ya sha iska ba.

"'Yar'uwa Verla, ba gasar kyau za a kai shi ba," yakan ce mata, da kiran da ake yi mata a coci, inda shi rabonsa da shiga tun jana'izar babansa.

"Na sani, Ɗan'uwa Bingham. Da kyau ake dubawa a nan, ai da tun a bakin ƙofa aka mayar da kai gida."

"Tsohuwa, bakin nan naki shi zai riga ki shiga wuta."

"Kai dai ɓoye gahawar nan taka da coci ya haramta, tun daga wancan layin nake jin warinta."

Da aikin nan ta raini 'ya'ya uku. Mijinta Merrill direban motar dankali ne, zuciyarsa ta tsaya wata kaka yana cikin layin sauke kaya, ƙaramin ɗansu bai gama firamare ba. Yaran duk sun girma sun watse. Babban, wanda ke Utah, ya gyara mata ɗaki a ƙasan gidansa, da labule da komai, yana ta naci ta ajiye aiki ta zo ta zauna da jikoki. Tana son jikokinta, amma kwana uku da su ya ishe ta. Ta gaya masa ita da kurarta sai ranar da aka ƙwace, kuma ba da wasa ta faɗa ba. In ka cire mata filaya da salatif, ba ta san wace ce za ta rage ba, abin kuma yana ba ta tsoro fiye da yadda take nunawa.

Sanyin ƙashi ne ya zo mata ta inda ba ta zata ba, ya kama gindin manyan yatsun hannunta biyu. Likita ya duba hoto ya ce gaɓar ta cinye, ƙashi ke gogar ƙashi. Ta karɓi ƙwayoyi ta yi shiru da bakinta. Ɗaure noti bai dame ta ba, takan sa doguwar sifana ta danna da tafin hannu. Jan roba kuwa aikin babban yatsa ne, ba shi da wata dabara. Takan ja har ta ji kamar an soka mata kusa, sai ta ce a ranta ya jawu. Da zafin da take ji take auna jan, shi kuwa zafin kullum da wuri yake ƙara zuwa.

Duk watan Yuli ana kashe masana'anta na 'yan makonni kafin sabon dankali ya shigo. A lokacin ake sauke motocin da suka gaji a kai su gyara, a dawo da su a mayar. Tsarin ya daɗe: Verla ta bi tana haɗawa tana naɗewa, Deloy ya biyo bayanta da mita yana gwadawa, ya tayar da moto ya ga ko ya juya ta inda ake so. Yulin da ta cika sittin da biyu ma haka aka yi. Ta haɗa fiye da ashirin, tana komawa gida tana tsoma hannu a ruwan ɗumi.

Abin ya faru cikin Oktoba, da hantsi, ana tsakiyar haƙar dankali, motoci sun yi layi har bakin titi. Akwatin moton famfon da ke tura dankali cikin ruwa zuwa layin fira ya fashe da ƙara kamar bindiga. Murfin ya ɓalle ya je ya daki tanki. Wata mai wankin daɓe, Maribel, tana tsaye da tiyo a hannu 'yan taku kaɗan daga wurin. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma ta zauna daɓas a cikin ruwa ta kasa tashi, sai da mata biyu suka kama ta. Verla ta san ta, ta san kuma tana da 'yan yara ƙanana a gida.

Verla da Deloy suka kashe wutar, kowa ya rataya kwaɗonsa a makunni don kada wani ya kunna, suka durƙusa gaban akwatin. Cikinsa ya yi baƙi ƙirin. Ɗaya daga cikin naɗin uku ya ƙone rabi, sauran biyun suna nan, sumul, bakin salatif a lanƙwashe. Ba sai an tambayi na wane ne ba. Deloy ya sa wuƙa ya tsaga wanda ya ƙone, ya buɗe shi a tafin hannunsa. Robar ta rabu ɓawo-ɓawo kamar albasa, da danshi tsakanin kowane zagaye. Ya dunƙule hannun ya cusa a aljihu. Verla tana kallonsa.

Ruben Ocampo ya iso da sauri. Shi ne babbansu yanzu, amma a hannun Verla ya koyi riƙe filaya.

"Me ya ci shi?"

"Ruwa," in ji Deloy. "Robar murfin ta mutu, masu wanki kuma ka san su, kamar gobara suke kashewa."

Ruben ya dubi Verla. Ta sunkuyar da kai tana neman wani abu a kurarta. Ya ce to su yi sauri, ana kiransa daga sama kamar za a cinye shi, ya juya ya tafi. Ta ji sanyi a ranta da ya tafi, sannan ta ji kunyar sanyin da ta ji. Suka yanke wayar da ta ƙone, ta matse sababbin kunnuwa, Deloy ya karɓi naɗin ba tare da ya tambaye ta ba, ita ma ta bar masa.

Lokacin cin abincin rana, da ɗakin aikinsu ya zama ba kowa, ta ɗaure kunnuwa biyu da noti ta matse su a bakin tebur. Ta yi zagayen farko a juye. Ta ɗauko robar ta ja iya ƙarfinta, har ƙwalla ta cika mata ido. Ta rufe da baƙin salatif, ya fito gwanin kyau. Ta tsaga. Albasa. Ta girgiza hannu, ta sake wani, wannan karon tana cije leɓe. Ta tsaga, duk ɗaya. Ta jefa su a kwandon shara ta rufa musu tsumma, ta zauna ta buɗe abincinta, ta kasa ci.

Hanyar shiru a buɗe take, ta kuma san haka. An ɗora wa ruwa laifi, ruwa kuwa ba ya musu. Tana iya ci gaba da tura kurarta, ta bar wa Deloy naɗi da dabara, ba wanda zai ɗaga gira. Amma akwatuna ashirin da wani abu suna nan a warwatse cikin masana'anta, galibinsu a ɓangaren ruwa, daidai gwiwar masu wanki. Kwana biyu tana wucewa ta gabansu tana kallonsu. Rana ta uku ta tare Deloy a bakin sito.

"Fito da abin da ka sa a aljihu."

"Wane abu? Na wanke wandon."

"Deloy, kada ka mayar da ni yarinya."

"Ruwa ne, tsohuwa. Ki bar maganar nan ta kwanta."

"Ruwa ne, amma ni na buɗe masa ƙofa. Zan je wurin Ruben."

Fuskarsa ta canza. Ya ce ba sai ta je ba, ya tabbata sauran lafiyarsu lau. Ta tambaye shi ta ina ya tabbata, ko ya fara gani har hanji ne. Ya shiga sosa ƙeya.

Ruben ya saurare ta har ta gama, idonsa a kan hannuwanta da ta ajiye a tebur. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin daɗi. Ya ce ran Asabar za a tsayar da layi don babban wanki, su bi akwatunan ita da Deloy, duk wanda bai yi ba a sake. Maganar abin da zai biyo baya kuma, su yi ta ran Litinin.

"Verla, ni fa ba zan iya ce miki ki ajiye kaya ba," ya ce.

"Ba ka ce ba. Bari mu ga abin da ke ciki tukuna."

A ranta tana da sauran fata. Wataƙila wancan ɗaya ne kawai, ranar da hannun ya fi tsananta. Wataƙila na Yuli sun fi na yanzu. In rabinsu ma suka fito da kyau, tana da abin kamawa: a yi mata aiki a yatsun, ta huta, ta dawo.

Asabar da safe suka fara da moton bel ɗin da ke bayan injin wanki. Ta kwance murfin da kanta, ta jawo wayoyin waje. Ƙwai uku, sumul, ƙarshe yanke da almakashi, baki a lanƙwashe. Ta sa wuƙa ta tsaga ɗaya, wuƙar na tafiya da ƙyar. Ta buɗe. Dunƙule ɗaya ne, baƙi, ba ka ganin inda zagaye ya hau zagaye. Wani daɗi ya taso mata tun daga ciki, irin wanda ta manta rabonta da shi.

"Ka gani ko?" ta ce, tana ɗaga masa. "Hannun tsohuwa bai mutu ba."

Deloy bai yi dariya ba. Ya tsaya da tocila yana haska bango.

Ta juya na biyun a hannunta kafin ta tsaga, a nan idonta ya tsaya. Zagayen baƙin salatif ɗin hagu ya nufa. Ita tun da Orval ya ɗora hannunta a kan salatif dama take naɗi, ko cikin barci aka tashe ta. A sashen wuta kaf bahago ɗaya ne, ga shi nan tsaye a kanta.

Ta miƙe, ta tura kurarta zuwa akwati na gaba, ta buɗe. Hagu. Ta wuce na uku, ta buɗe. Hagu. Wannan ba ta ma taɓa shi ba, ta zauna a kan wani bokiti da aka kife.

"Tun yaushe?"

"Tun Yulin bara," ya ce. "Na zo gwaji, na taɓa ɗaya na ji shi laushi kamar burodi. Na tsaga na gani. Daga nan duk wanda kika haɗa, in na zo da mita sai in kwance in sake."

"Duka?"

"Duka, ban da na famfon nan. Ya makara a wurin gyara, kika haɗa shi makon da na kai matata Connie aikin ido. Da na dawo an riga an tayar da shi, ban sami hanyar kashewa ba tare da an tambaye ni dalili ba. Na ce ran babban wanki zan lallaɓo. Ya riga ni."

"Almakashin fa?"

"Saya na yi. Kin san wahalar da na sha kafin in iya ƙwan nan naki? A gareji nake koya, Connie ta ɗauka na fara taɓuwa."

Ranta ya ɓaci ɓacin da ba ta taɓa yi da shi ba. Shekara guda da wani abu tana yawo cikin masana'anta da kai a sama, tana yi masa ba'a a gaban mutane, ashe aikin da take taƙama da shi nasa ne sanye da rigar nata. Ta ji kamar ta jefe shi da sifana. Ƙarƙashin fushin kuma akwai wani abu da ya fi shi ciwo, don ta san abin da ake ji a gwiwa in an durƙusa gaban akwati ashirin sau biyu, shi kuma gwiwarsa ta hagu ƙarfe ce.

"Da murfin nan ya sami Maribel fa?"

"Ba ranar da ban tuna ba."

"Me ya hana ka gaya mini tun bara?"

"Da na gaya miki me za ki yi?"

"Da na ajiye kaya."

"To, shi ya sa."

Masu wanki suka fara aiki a wancan ɓangaren, ruwa ya fara gangarowa ta ƙarƙashin ƙafafunsu. Suka koma akwatin farko, inda ta tsaga naɗi mai kyau a banza, noti yana nan tsirara. Ta ɗauko robar daga kurarta, ta riƙe ta ɗan jim. Sannan ta miƙa masa, ta karɓi tocilar daga hannunsa.

"Naɗa irin naka," ta ce. "Ka daina kwaikwayon nawa."

Ya durƙusa da ƙyar. Ya yi zagayen farko a juye, ya ja robar har ta yi siriri, ya rufe da baƙi. Abin ya fito da ƙusumbi ta gefe ɗaya. Ya fizge ƙarshen da hannu. Ta haska masa har ya mayar da murfi ya ɗaure.

Ran Litinin ta tura kurar har ƙofar Ruben ta bar ta a nan. Ba ta tafi Utah ba. Ruben ya sama mata kujera a sito, inda take har yanzu, tana miƙa wa mutane salatif da noti ta taga, yatsunta cikin ɗaurin asibiti. Ba ta son aikin, ba ta kuma ɓoyewa. Ta kusa wata guda ba ta yi wa Deloy magana ba. Har yau ba ta yi masa godiya ba, shi ma bai ba ta haƙuri ba. In an tashi aiki yakan jira ta a bakin ƙofa, ya buɗe mata motarta, don mariƙin ƙofar yana da tauri.